Fushimi, Nada da Hakone: Abin da Na Sha a Ƙasar Giyar Shinkafa

A watan Fabrairu na je Japan tare da wasu abokan aiki domin horo na mako uku a kan sarrafa shinkafa bayan girbi, tun daga shanya da casa har zuwa surfe da adanawa. A Kyoto aka sauke mu, kuma wanda aka ɗora wa alhakin kula da mu wani dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a cikin manoman shinkafa. Sensei muke ce masa, kamar yadda ake kiran kowane malami a can. A ƙarshen makon farko ya ce mana duk wanda bai ga shinkafar da ake surfewa domin yin sake, wato giyar shinkafa, ba, to, bai san iyakar abin da injin surfe zai iya yi ba, saboda haka yana son ya kai mu Fushimi. Na gaya masa a fili cewa ni Musulmi ne, ba na shan giya, kuma ba na son in shiga wurin da za a matsa mini in ɗanɗana. Ya ce ya san da haka, babu wanda zai matsa mini, kuma akwai abin da zan sha a can wanda daga shinkafa da ruwa iri ɗaya ake yin sa, amma babu maye a cikinsa.

Kalmar sake, wadda ake rubutawa kamar tamu ta Hausa alhali ba su haɗa komai ba, a bakin mutanen Japan tana nufin giya kowace iri. Idan suna nufin wadda ake yi da shinkafa, nihonshu suke cewa, kuma ƙarfin barasarta yakan kai kashi 15 ko 16 cikin 100. Abin da ni kuma na sha shi ne amazake, kuma a kansa nake son in ba da shawara ga duk wanda tafiya ta kai shi can.

Fushimi unguwa ce a kudancin birnin Kyoto. Mun sauka daga jirgin ƙasa na layin Keihan a tashar Chushojima, muka taka zuwa bakin wata magudanar ruwa inda rumbunan yin sake na katako masu farin bango suka jeru, katakonsu ya yi baƙi don tsufa. Sanyi ya tsananta a ranar, kuma sensei ya ce wannan sanyin ne ake nema, domin a hunturu aka saba yin aikin, lokacin da sanyi ke hana ƙwayoyin da ba a so su hayayyafa. A ƙofar rumbuna da dama an rataye wani ƙaton ƙwallo da aka yi da ganyen itacen sugi, wanda suke kira sugidama. Ana rataye shi yana ɗanye kore shar domin a sanar da cewa sabon aikin bana ya fito, sannan yana bushewa yana komawa ruwan ƙasa yayin da abin da ke cikin rumbun yake ƙara kwana.

Mun shiga gidan tarihi na kamfanin Gekkeikan, wanda aka kafa a 1637, a cikin wani gini na 1909. Abin da ya tsayar da ni shi ne wasu ƙananan kwanuka da aka jera shinkafa a ciki bisa matakan surfe. Shinkafar da ake ci a gida, kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai ake cirewa daga jikinta. Ta sake kuwa, matakin da suke kira ginjo sai an surfe ta har abin da ya rage bai wuce kashi 60 ba, daiginjo kuma bai wuce kashi 50 ba. Ƙwayar takan koma ƙarama, zagayayya, fara sol kamar ɗan tsakiya. Dalili shi ne maiƙo da sinadarin gina jiki a bayan ƙwayar suke taruwa, kuma su ne ke kawo ɗanɗano mai nauyi, sitaci zalla kuma yana can tsakiya. Ana yin surfen a hankali, wani lokaci kwana biyu ko fiye, don kada zafin injin ya farfasa ƙwayar. Ni da na san yadda muke fama da karyayyar shinkafa a injinan Kura da Hadeja, na daɗe ina juya wannan ƙwayar a tafin hannuna. Shinkafar da suka fi yabo ita ce Yamada Nishiki ta jihar Hyogo, wadda aka raɗa wa wannan suna a 1936, mai manyan ƙwayoyi da farin ciki a tsakiya.

A farfajiyar gidan akwai rijiya da ake barin baƙi su sha ruwanta, kuma shi ne abin da na fara sha a Fushimi. Ruwa ne mai taushi a baki, babu ɗaci babu gafi. Mutanen unguwar suna alfahari da shi matuƙa, har ma maɓuɓɓugar da ke wurin bautarsu na Gokonomiya tana cikin ruwaye 100 da gwamnatin ƙasar ta zaɓa a 1985 a matsayin mafiya kyau. A ƙarshen zagayen ana ba masu sha ɗanɗano. Ni da abokan tafiyata biyu muka wuce waje, kuma babu wanda ya ɗaga mana gira. Sensei ya ce a cikin mutanen Japan ɗin ma akwai da yawa da jikinsu ba ya ɗaukar barasa ko kaɗan, har suna da suna, geko, saboda haka ƙin sha ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Sirrin abin gaba ɗaya yana cikin koji. Shinkafa ba ta da zaƙi kamar inabi ko rake, sitaci ne da ita, saboda haka dole a fara mayar da sitacin sukari. Ana turara shinkafar, a baza ta a wani ɗaki mai ɗumi na kimanin digiri 30, a barbaɗa mata irin wata fumfuna ta musamman, a yi ta juyawa dare da rana har wajen kwana biyu, sai fumfunar ta lulluɓe ƙwayoyin ta ratsa cikinsu. Wannan shi ne koji, kuma da irinsa ake yin miso, wato tsimammen ƙullun waken soya, da ruwan waken soya mai gishiri da ke cikin kusan kowane girkinsu. Sun ɗauke shi da girma har masana harkar suka ayyana shi a matsayin fumfunar ƙasa a 2006, kuma a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya fasahar yin sake da koji cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Sensei ya gaya mana cewa ma'aikatan rumbu ba sa cin natto a lokacin aiki, wato tsimammen waken soya mai yauƙi wanda ƙamshinsa ya yi kama da na daddawarmu, domin ƙwayar da ke tsima shi tana da ƙarfi, idan ta shiga ɗakin koji sai ta ɓata aikin baki ɗaya.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Idan aka haɗa koji da turarriyar shinkafa da ruwa aka zuba yis, yis ɗin zai cinye sukarin ya mayar da shi barasa a cikin mako uku zuwa wata guda, sai a matse a sami giya. Idan kuwa ba a zuba yis ba, aka riƙe haɗin a zafin digiri 55 zuwa 60 na kimanin awa takwas, to sitacin zai narke ya zama zaƙi ya tsaya a nan. Wannan shi ne amazake na koji. Da sensei yake bayani sai na tuna da mahaifiyata a Zariya tana yin kunun zaƙi: ta raba ƙullun gero biyu, ta dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ta bari ya ɗan huce, sannan ta zuba ɗanyen da aka niƙa da busasshen dankali, ta rufe ya kwana. Da safe sai kaurin ya saki, zaƙi ya fito. Aikin da dankali ke yi a tukunyarta shi ne aikin da koji ke yi a nasu, kuma da na gaya wa sensei haka sai ya ciro littafinsa ya rubuta sunan kunun, ya sa na maimaita masa har sau uku.

A wani ɗan shago kusa da kasuwar Otesuji na sha kofin farko. Fari ne, mai kauri kamar kunun shinkafa, da ɓarɓashin ƙwayoyi masu narkewa a harshe, an kankare ɗanyar citta kaɗan a kai. Zaƙinsa ya ba ni mamaki, har na tambayi mai shagon ta bakin sensei ko an sa sukari, ta ce ko ƙwaya ɗaya. Zaƙi ne mai zurfi da ba ya kama maƙogwaro, yana da ƙamshi kamar na gasasshiyar gujiya, kuma ɗuminsa ya sauka mini har yatsun ƙafa.

A nan ne ya kamata mai tafiya ya buɗe ido, domin amazake iri biyu ne kuma suna ɗaya suke amsawa. Akwai na koji, wanda na bayyana, akwai kuma wanda ake yi da sakekasu, wato tukar da ta rage bayan an matse giya. Ita wannan tukar tana riƙe da barasa kimanin kashi 8 cikin 100, ana narkar da ita a ruwa a zuba sukari a dafa, kuma ko bayan dafuwa ɗan abu yakan rage. Dokar Japan ba ta lissafa abin sha a cikin giya sai barasarsa ta kai kashi 1 cikin 100, saboda haka za ka tarar da wannan nau'in a jere da lemo a kanti ko a injin sayar da abin sha, kuma mai sayarwa zai iya ce maka ba giya ba ne yana mai gaskiya bisa dokarsu. Sunan amazake kansa yana ɗauke da harafin giya, don haka sunan ba ya raba gardama. Jerin kayan haɗi za ka duba. Idan ka ga 米麹, koji ne na shinkafa. Idan ka ga 酒粕, tukar giya ce, ka ajiye. Sensei ya rubuta mini waɗannan biyu a bayan katinsa, na yi ta yawo da shi a aljihu har na bar ƙasar. Daga cikin na kwalba, wanda na fi saya shi ne na kamfanin Hakkaisan na jihar Niigata, wanda da koji da ruwa kaɗai ake yin sa, sai kuma na Marukome da ke cikin ƙananan kwalaye, wanda aka rubuta sifili na barasa a jikinsa.

Ranar Juma'a ta mako na biyu mun tafi Kobe. Mun yi salla a masallacin birnin, wanda aka gina a 1935, shi ne mafi tsufa a Japan, kuma ya tsira daga ruwan bama-bamai na 1945 da girgizar ƙasa ta 1995. Bayan an sauko muka shiga jirgin Hanshin zuwa Nada, yankin da ya fi ko'ina yawan yin sake a ƙasar, inda kamfanoni irin su Kiku-Masamune na 1659 da Hakutsuru na 1743 suke. Nada ba ta da kyan gani irin na Fushimi, manyan masana'antu ne a gefen teku, kuma ban daɗe a can ba. Abin da na ƙaru da shi shi ne batun ruwa. Nasu, wanda suke kira miyamizu, yana da sinadaran ƙasa da yawa da ke sa yis ya yi aiki da ƙarfi, shi ya sa giyarsu take fitowa da kaifi har ake ce mata ta maza, ta Fushimi kuma mai laushi ake ce mata ta mata.

A daren ne muka yi doguwar hira a kan abinci. Sensei ya zaɓi wani gidan cin kifi, kuma don girmama mu bai nemi giya ba, shayin sha'ir ya sha. Na tambaye shi yadda masu sha suke haɗa sake da abinci, domin na lura kowane gidan abinci yana da dogon jeri. Ya ce daiginjo mai ƙamshin 'ya'yan itace da sanyi ake shan sa, tare da abu marar nauyi kamar yankakken ɗanyen farin kifi, don kada abincin ya danne ƙamshin. Junmai, wanda ba a ƙara masa barasa daga waje ba, ya fi jiki, ana ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 50 a sha da dafaffen abinci na hunturu irin su oden da naman tukunya. Nigori, wanda ba a tace sosai ba, fari mai kauri da zaƙi, shi ake ba mai cin abu mai yaji. Ya ƙara da cewa kalmar sakana, da yau take nufin kifi a harshensu, asalinta sunan duk abin da ake ci tare da sake ne, kifi ya yi yawa a wannan matsayi har ya gaje sunan. Wannan bayanin mai sha ne na kawo yadda na ji shi. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne ƙa'idar: mai nauyi da mai nauyi, marar nauyi da marar nauyi, zaƙi kuma a tare shi da gishiri ko yaji.

Da wannan ƙa'idar na gwada amazake da abinci iri-iri a sauran kwanakina, kuma ra'ayina ya tsaya a kan cewa kuskure ne a sha shi da kayan zaƙi. Na gwada shi da wainar da aka cusa wa jan wake mai sukari, zaƙin biyu suka haɗu suka gundure ni tun kafin in kai rabi. Amma da kifin saba da aka gasa da gishiri kaɗai, wanda suke kira shioyaki, sai kowanne ya fito da ɗan'uwansa: maiƙon kifin da gishirinsa suna yanke zaƙin, zaƙin kuma yana wanke ƙarnin. Haka ma da umeboshi, wani ɗan itace da ake jiƙawa a gishiri mai tsami kamar tsamiya, ƙwaya ɗaya ta isa kofi guda. Idan da abinci za a sha, gara a tsinka shi da ruwa ko madarar waken soya, domin yadda yake zuwa da kaurinsa yana cika ciki kamar fura. A kan teburin ma akwai abin lura, domin girkin Japan yana yawan amfani da mirin, wani ruwan girki mai zaƙi wanda barasarsa ta kai wajen kashi 14, da kuma sake na girki. Kifin saikyoyaki na Kyoto akan jiƙa shi a farin miso da mirin, narazuke kuma kayan lambu ne da aka tsima a tukar giya, kuma wasu nau'o'in miso da ruwan waken soya ana ƙara musu barasa don kada su lalace. Gasasshen kifi da gishiri, farar shinkafa da tofu, wato awara, da aka dafa a ruwa su ne suka fi kwantar mini da hankali.

Mafi daɗin amazake da na sha a kan hanyar komawa Tokyo ne. Mun sauka daga jirgin ƙasa mai gudu na shinkansen a Odawara, muka hau zuwa Hakone-Yumoto, daga nan muka shiga bas da ke bin tsohuwar hanyar Tokaido, wadda ta haɗa Edo, wato Tokyo ta yau, da Kyoto a zamanin da, kuma hawan Hakone shi ne wuri mafi wahala a cikinta. A tsakiyar dajin akwai wata bukka mai rufin ciyawa da ake kira Amazake Chaya, wadda iyali ɗaya suke riƙe da ita kimanin shekara 400, yanzu suna tsatso na 13. Cikinta da duhu-duhu, daɓen ƙasa ne, hayaƙin murhu ya baƙanta azara, har na ji kamar na shiga zauren wani ƙauye a ƙasarmu da sanyin asuba. Nasu ba sukari ba barasa, sai ɗan gishiri da ke ƙara fito da zaƙin. Na haɗa shi da mochi, wato dakakkiyar shinkafa mai danƙo da aka gasa a gawayi aka birkiɗa a garin soyayyen waken soya. Bayan bukkar akwai ragowar hanyar da aka shimfiɗa da duwatsu, na taka ta na ɗan lokaci, duwatsun suna santsi, hawan yana cin gwiwa. Da na dawo na nemi kofi na biyu, na gane dalilin da ya sa masu ɗaukar kaya na wancan zamani suke yada zango a nan, da kuma dalilin da ya sa a yau ake yi masa kirari da ƙarin ruwan da ake sha da baki. Sensei ya ce duk da cewa yanzu an fi saninsa da hunturu da bikin sabuwar shekara, a zamanin Edo abin shan bazara ne, masu talla suna yawo da shi don mutane su sami ƙarfin jure zafi.

A Tokyo na leƙa Amanoya, wani shago a ƙofar wurin bauta na Kanda Myojin da ke aiki tun 1846, wanda har yanzu yake yin kojinsa a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Nasu ya fi na Hakone tsinkewa, kuma da ɗan abu mai gishiri a gefe suke kawo shi, abin da ya ƙara tabbatar mini da ra'ayina. Kafin in tashi na sayi busasshen koji ƙulli biyu a wani kanti.

Mako biyu da dawowata Zariya na gwada. Na dafa shinkafar tuwo kimanin giram 150 ta yi laushi sosai, na ƙara ruwa, na jira zafin ya sauko zuwa digiri 60 bisa ma'aunin da na aro daga wurin aiki, na zuba koji giram 200, na juye a babban filas na rufe tun bayan sallar isha'i. Zafin ne abin kula, domin idan ya yi yawa ƙarfin kojin zai mutu, idan ya yi ƙasa kuma abin zai yi tsami. Da asuba na buɗe na tarar ya narke ya yi zaƙi, na ɗora shi a wuta ya tafasa don aikin ya tsaya, tun da a zafin ƙasarmu abu mai sukari irin wannan ba a barin sa ya wuni a waje. Na aika aka sayo ƙosai mai zafi da yaji, na kai wa mahaifiyata a ɗakinta.

Na ce, "Inna, ga abin da na ba ki labari, ki ɗanɗana ki gaya mini."

Ta kurɓa, ta ɗan yi shiru, ta gutsiri ƙosai ta dangwali yaji, ta sake kurɓa. Ta tambaye ni ko da gaske ban sa sukari ba, na ce ko kaɗan. Sai ta ce, "To, ɗan nan, wannan ai ɗan'uwan kunun zaƙi ne, citta da kanumfari kawai ya rasa." Ta kira ƙanwata ta ce ta daka mata su, kuma ta ce in ajiye ƙulli na biyu kada in taɓa, da shi za ta gwada gero idan azumi ya zo.